Kwalbar Kawu Manu

Duk wanda ya san Kawu Manu, yayan mahaifiyata, ya san kwalbar nan da ba ta barin aljihunsa. Ruwan kwarin da ya raba ƙauyenmu da hanyar Argungu ne a ciki, ja wur da laka. Tun muna yara ake mana alƙawarin gada a wurin, har muka yi gemu. Da damina ta kankama, babu kasuwa babu asibiti sai ka tuɓe riga.

Ɗan takara na fara jawabi, Kawu zai kutsa gaba ya miƙa masa kwalbar.

"Bismilla, ranka shi daɗe, kurɓa. Ruwan mazaɓarka na."

Wani ya so ya yi masa daɗin baki, ya ce, "Haba Baba, ai ni ɗan gida ne, kakata 'yar garin nan ce."

"Madalla! Ita ka zuwa ta goya mu in kwari ya cika?"

Wata shekara 'yan siyasa suka aiko masa da mudun shinkafa da sabulu. Kai, ranar mun ga tashin hankali!

"Ni da ka noman shinkahwa anka aiko ma shinkahwa? Gobe ku kai ma masuntan Argungu kihi!"

Sabulun kuwa ya ce a mayar wa mai shi ya wanke bakinsa.

Ni ma ban tsira ba. Na dawo daga Birnin Kebbi da hular jam'iyya, ina taƙama. Ya ce, "Mi sunka ce kan gada?"

Na ce, "Kawu, ai jam'iyyar ubanmu ce tun da can."

"Ran da ubanka yak kwanta ciwo, bisa jam'iyya yaƙ ƙetare ko bisa bayana?"

Mu kuwa, don rashin kunya, dariya muke masa. Mu karɓi hula, mu karɓi taliya, mu dangwala wa wanda ya fi kiɗa. Wallahi in na tuna raina ɓaci yake, kuma da kanmu nake fushi.

Tsakar damina ya rasu, maƙabarta kuma tana hayin kwarin. Muka ɗaga makara bisa kai, ruwa har ƙirji. Ranar babu wanda ya yi dariya.

Kwalbar tana wurina, zaɓe kuma na tafe.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya ƙetare siraɗi cikin sauƙi.