Tukwanen Gas Goma Sha Ɗaya Na Yaya Lawal

Da shigowar wannan damina Yaya Lawal ya cika shekara tara a ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Kurmin Mashi, kuma da gumin wannan sana'a ya kai ni jami'a na karanta kimiyyar sinadarai. Ina rubuta wannan waiwaye ne ba da natsuwar mai tuna alheri kawai ba. Akwai amanar da ya bar mini, kuma tana neman kuɓucewa daga hannuna.

Al'adar masu gyara a lokacin, har yanzu ma, ita ce idan za a yi wa firji aiki sai a yanke bututu a bar gas ɗin ya bi iska. Yaya Lawal ya daina haka tun ranar da na dawo hutu na faɗa masa, da rawar kan ɗalibi, cewa wannan gas yana hawa sama ya ƙara wa duniya zafi. Ni na faɗa na wuce, shi kuwa ya riƙe. Ya samo tsofaffin tukwane ya riƙa zuƙe gas ɗin yana tarawa. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Mai Ajiyar Iska. Bai damu ba.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma nawa ne fiye da nasa, domin ban gargaɗe shi ba. Tukwanen ba su da yawa, don haka ya zuba na firji da na mota da na ofisoshi wuri guda. Gas ɗin da ya cakuɗa ba ya komawa cikin wata na'ura. Wasu ma tun daga masana'anta a haɗe suke zuwa, kuma suna tafasa a zafi kusan ɗaya, don haka dafawa da tacewa ba sa raba su.

Da na yi masa wannan bayani, sai ya ce, "To, Malam na boko, me na biya maka makaranta ka koyo? Ni na tara, kai ka raba."

Na yi dariya na ce zan duba. Sai na samu aikin gwamnati, na yi aure, na shiga duba fayil. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ni na ci na goge baki. Har ciwon ƙoda ya ɗauke shi ban buɗe littafi ɗaya domin maganarsa ba.

Yanzu ga shi masana a wasu ƙasashe suna gwada hanyar da ya yi ta jira. Akwai wani nau'in gishiri da yake zama ruwa ko ba a ɗora shi a wuta ba, kuma ba ya tashi ya bi iska. Idan aka bi da cakuɗaɗɗen gas ta cikinsa, sai ya shanye iri ɗaya ya bar ɗayan ya wuce. A ɗan ɗumama shi, ya amayar da wanda ya sha, a sake aiki da shi. Ranar da na karanta wannan a ofis, wana ne ya fara faɗo mini a rai. Me Yaya zai ce? Ina jin ba zai yi mamaki ba. Tambayata kawai zai yi, "Nawa ne kwalba, kuma wace mota ke kawo shi Kaduna?" Sai na shiga nema. Na rubuta wasiƙu, na bi tsofaffin abokan karatu, kowa ya ce abin yana ɗakin gwaji tukuna. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tukwanen goma sha ɗaya suna wani ɗaki a gidansa na Rafin Guza, inda ruwa ke shiga duk damina. Gindinsu ya ci tsatsa. Watan jiya na je na jijjiga su, biyu na ɗaga da hannu ɗaya. Babu komai ciki. Abin da ya tsare shekara da shekaru ya sulale ba wanda ya ji. Ina tambayar kaina ko tsaron amana nake yi, ko kuwa ina jira ne tsatsa ta yanke hukuncin da na kasa yankewa, domin in ce ba ni na buɗe ba.

Me ya rage na Yaya Lawal? Shagonsa ya zama wurin sayar da katin waya. Akwai abokinsa Bitrus, wanda har yau ba ya yanke bututu sai ya zuƙe gas, kuma kowane iri da tukunyarsa. Sai tukwane tara da ke da sauran nauyi. Idan akwai mai karatu da ya san inda za a karɓe su a raba ko a lalata su yadda ya dace, ina roƙonsa don Allah ya sanar da wannan jarida.

Matarsa, Anti Binta, ta yi haƙurin da ban cancanta ba. Ranar Asabar ta ce 'yan gwangwan sun sake zuwa, sun ce su za su buɗe, su ɗauki ƙarfen. Na roƙe ta ta ƙara mini damina ɗaya.

Ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, ni zan ba ka. Tsatsa ce ban sani ba ko za ta ba ka."