Tsohuwar da Aka Ce Ba Ta Gajiya

Ga ta tsaye a shagonmu na buga takardu a birnin Bulawayo, tsohuwa 'yar firit, ƙafafu a kumbure cikin takalmin roba. Wasiƙar shaidar aiki ce a hannunta, ta sha ninki har ta kusa rabewa. Uwar ɗakinta ce ta rubuta mata kafin ita uwar ɗakin ta bar ƙasar, bayan tsohuwar ta shekara talatin tana mata aikin gida.

"'Yata, duba min wannan doguwar kalmar," in ji ta. "Gida huɗu na kai takardar, ba wanda ya ɗauke ni. Cuta ta ce ina da ita?"

Kalmar Turanci ce: indefatigable. Ni ma sai da na tambayi waya, bokona bai kai nan ba.

"Haba Gogo, yabo ne fa! Wai ke ba kya gajiya."

Sai yanzu na lura da hannunta. Tun shigowarta yake goge min tebur da gefen zane, ita ba ta ma sani ba. Ina jin ko a barci haka hannun nan yake yi.

"Ko sau ɗaya uwar ɗakina ba ta tambaye ni ko na gaji ba," ta ce a hankali.

Ni da bakina ba ya shiru: "To mu goge banzar kalmar mana!"

"A'a, bar ta, manne min takardar a leda kada ta yage. Wa zai ɗauki tsohuwar da ta gaji?"

Ta fita tana jan ƙafa. Teburin sai ƙyalli yake, har yanzu na kasa ɗora komai a kansa.