Babur Mai Tashi da Ƙafar Hagu

Har gobe ban manta da ranar da shef, wato shugabanmu, ya buɗe mini mangazar ajiyar kaya ta bayan garaji, ya nuna mini gawar babura uku ya ce in tayar da ɗaya ba. Shekara uku ko huɗu ke nan da samun 'yancin kai, ƙarshen kaka ne, an gama ɗaurin gero a Damargu. Ni ne makanisiyen ma'aikatar kiwo a Tanut, ni kaɗai tilo. Ku yaran yanzu da kuke aikawa a kawo muku bujin inji kafin shayinku ya huce, ba za ku gane wahalar ba. Mu in ƙarfe ya karye, ko dai maƙeri ya ƙera, ko a jira kamiyo, babbar motar da za ta je Damagaram.

Ga yadda aikin yake tafiya a lokacin. A sama akwai shef, Mushe Lawali, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, matashi ne, bai daɗe da dawowa daga karatun likitan dabbobi ba. Ƙarƙashinsa akwai malaman dabbobi, sai masu allura, sai direba da ni. In sanyi ya shigo, tafkuna suka ƙafe, shanu suka koma rijiyoyi, sai a fita rigakafin bushiya, cutar nan mai kashe shanu. Amma kamiyo ba ya tashi haka kawai. Dole wani ya riga shi, ya bi rijiya rijiya, ya zauna da manyan Fulani da na Abzinawa, a sa rana, su yarda su tara dukiyarsu. In ba a yi haka ba, sai ku isa da allurarku ku tarar da kashin shanu kawai, masu shi sun yi arewa.

A ɓangaren Belbeji, Malam Habu ne ke wannan gabatarwa, bisa doki. Dattijo ne, ya girme ni, ya kusa haifar shef. Fillanci da Tamajak a bakinsa kamar da su aka yaye shi, kuma makiyayan da ba su yarda da takardar gwamnati ba sun yarda da fuskarsa. Iyalinsa na Belbeji, gonarsa na can, kabarin iyayensa ma na can.

To, a ranin da ya gabata wani bijimi ya make shi a gwiwar dama wajen kamun shanu. Mai ɗori ya ɗaure, ya yi kwanaki a kwance, ya tashi ya ce ya warke, kowa ya ce alhamdu lillahi. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Sahu ɗaya muke yi duk ma'aikata a gindin itacen bedin da ke ƙofar garaji in azahar ta yi. Na lura a zaman tahiya ba ya iya naɗe ƙafar, sai ya zame ta a hankali ƙarƙashin riga. In an sallame sai ya tsawaita lazimi har kowa ya watse, sannan ya dafa ƙasa ya tashi. Dokinsa kuwa ya daina hawansa a gaban mutane, sai ya ja shi bayan katanga inda wani kututture yake.

Doka a fili take. Ma'aikacin daji in ƙafarsa ta sami matsala, a aika shi bizit, wato awon lafiya, wurin likita a Damagaram. In likita ya ce ba ya iya yawo, a mayar da shi mahauta duban nama a birni, ko a sallame shi gaba ɗaya. Ga mutum irin Malam Habu, da wannan da a binne shi da ransa duk ɗaya ne. Shi ya sa bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ranar da nake ba ku labari, shef ya kira mu mu biyu zuwa mangaza. Ya ce, "Bana doki ba zai kai mu ba, lokaci ya ƙure. Idi, ga su nan. Zaɓi guda ka tayar wa Malam kafin mu fita."

Na farko ɗan Ingila ne, baƙi, ƙato, wani jandarma Bature ne ya bar shi. Ko a mace yana da kwarjini. Na biyu ɗan Faransa, injinsa ya tsage, ba ya cikin magana. Na uku yana can lungu, kaji sun mayar da shi akurki. Wani ƙaramin ɗan Jamus ne, tsoho tukuf, wanda wani Bature mai yawon duniya ya tsallako sahara da shi, ya mace masa a Tanut, ya bar shi ya hau kamiyo. Ba sirdi, ba fitila, tanki ya lotsa.

Shef ya bugi tankin ƙaton ya ce, "Wannan ai ba sai an yi shawara ba. Ma'aikaci ya isa rijiya bisa wannan, kowa ya san gwamnati ta zo."

Gaskiyarsa, kuma kayan gyaran ƙaton na samuwa a Kano. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma raina ya biya, don makanisiyen da bai yi sha'awar buɗe wannan inji ba, sai dai ya koma sayar da gyaɗa. Amma idona na kan kik, wato ƙarfen da ake bugawa da ƙafa a tayar da inji. Na ɗan Ingila a dama yake, sai mutum ya hau shi da duk nauyinsa, kuma in ya ga dama ya rama. Na ɗan Jamus a hagu yake, mai taushi.

Sai shef ya ce, "Malam, hau ka buga mu ji ko da sauran numfashi a cikinsa."

Malam Habu ya ce, "To, Mushe," ya fara tattare rigarsa. Na yi wuf na shiga tsakani na ce, "A'a, Mushe, ba a ba mahayi dokin da ba a hora ba. Wannan aikina ne." Na hau na buga, ƙarfen ya dawo ya same ni a ƙauri, na sauka ina ɗingishi ina salati. Shef ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam Habu bai yi dariya ba, ya dai saki rigarsa.

Da zafin ya lafa na ce, "Mushe, in shawarata za a bi, wancan na lungu."

"Akurkin kajin?"

"Shi. Rairayin bayan Belbeji ba ya son nauyi. Wancan in ya faɗi, mutum guda ya ɗaga shi. Isansi ma, man da yake sha kaɗan ne. In ya mutu a daji, a ɗora shi bisa raƙumi a kawo mini. Wannan ƙaton in ya mutu can, sai dai a yi mishi kabari."

"Kayanshi fa, ina za ka samo?"

"Abin da babu, ni da maƙeri."

Ya juya wurin Malam Habu. Shi kuwa ya ce, "Mushe, ni doki na sani. Abin da makanisiye ya ce, shi ke nan." Shef ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, dakor, na yarda. Amma in ranar fita ta zo bai tashi ba, kai za ka amsa."

Duk dalilan da na kawo gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Babban dalilin ne na haɗiye, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na wargaza shi kaf, na wanke da kananzir. Zoben pisto na ciro daga wani mataccen injin ban ruwa na goge har ya zauna. Tanki na buge shi ya miƙe, baduku ya ɗinka sabon sirdi, na sa aka yi shi ƙasa-ƙasa don kada hawa ya zama aiki. Birkin baya da ƙafar dama ake taka shi, sai na cire shi daga nan, na ɗauko mariƙi da waya daga ɗan Faransa na mayar da shi hannu. Abin da ya rage shi ne matakin ƙafar dama, wanda nake so ya matsa gaba don ƙafa ta miƙe. Amma yaya zan auna ƙafar da ba a ce tana ciwo ba? Sai na riƙa lura in Malam Habu ya zauna kan bencin garaji yana shan shayi. Da ya tashi, na auna daga benci zuwa inda diddigensa ya bar gurbi a rairayi, na kai wa maƙeri awon.

Da babur ya tashi, na riƙa fita da shi bayan gari ina koya wa Malam Habu. Ranar farko ya hau, ya ɗora ƙafa, ya dubi matakin. Can ya ce, "Idi, wannan matakin ya fi ɗan'uwanshi nisa."

Na ce, "Haka Jamusawa ke yin nasu, Malam."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Lalle Jamusawa suna da hankali."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kai ke nan, ni da shi.

Saura abu ɗaya, wanda ya hana ni sakewa. A ƙa'ida, duk abin hawan da ya fito daga gyara, sai shef ya gwada shi da kansa kafin a ba shi hanya. Ranar gwaji ma'aikata duk suka taru a fili. Shef ya hau, ya buga da hagu, inji ya amsa. Ya kai ƙafar dama neman birki, bai samu ba, ƙafar ta zarce gaba ta sauka kan dogon matakin. Ya zauna haka, yana kallon ƙafarsa a miƙe. Mutumin da ya karanci ƙashi da gaɓa ba ya bukatar a fassara masa wannan mataki. Malam Habu na tsaye a gefe yana jan carbi, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Shef ya zagaya fili, ya dawo ya kashe inji. Direba ya ce, "Mushe, ashe akurkin na gudu! A riƙa ba mu aro muna zuwa garin Falanko."

Shef ya ce, "Wannan babur na mutum guda ne. Kar in ga kowa bisa shi sai Malam." Ya miƙa wa Malam Habu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Da jama'a suka watse, ina tattara sufanun kwance noti, shef ya tsaya kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Da ka zaɓi ƙaton nan, da na ce maka babu isansin ciyar da shi." Na ɗaga kai na dube shi. Ya ce, "Idi, ai ni ma a sahun nan nake salla." Ya wuce ofis abinsa.

Na daɗe tsugune da sufana a hannu. Ashe ba lokaci ne ya ƙure ba, shef so yake ya raba Malam Habu da dokin ba tare da ya ambaci ƙafa ba. Ko cewar da ya yi Malam ya hau ya buga, na gane ni ya yi wa, don ya ga ko na gani. Ni ina ta ɓoye wa shef, ashe tun kafin in fara shi ya fara, kuma har ya bar Tanut bai aika Malam Habu bizit ba. Na ji kunyar yadda na ɗauke shi yaro mai takarda kawai, na kuma ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba.

Malam Habu ya ci gaba da bin rijiyoyinsa har ya yi ritaya a gidansa na Belbeji. Makiyaya suka sa wa babur suna akuyar Malam. Sau da yawa ya dawo mini bisa raƙumi, na gyara na mayar.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. In aka ce ku zaɓi tsohon ƙarfe ku tayar, kada ku fara da buɗe inji, ku fara duban wanda zai hau. Kowa na da inda yake masa ciwo, kuma mutanenmu ba sa faɗa. Abin da idonka ya gani, ka sa shi a cikin ƙarfen, kada ka sa shi a baki. Mu uku muka riƙe ƙafar Malam Habu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kiran sunanta. Yau ma da kuka ji na faɗa, don su biyun sun riga mu gidan gaskiya ne, Allah ya jiƙansu.