Ƙafar Da Na Sa A Gaba

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Doha, mafi yawansu sun riga sun shige mini duhu. Amma koyon tuƙa allon ƙanƙara da na yi da furfura a gemuna, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina aikin injiniya a wani kamfanin iskar gas, ina zaune a unguwar Al Mirqab. A benen da ke ƙasa da nawa akwai wani abokina likita, mutumin Zariya, wanda Allah ya yi shi da son gwada duk abin da idonsa ya gani. Shi ne wata ranar Asabar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Injiniya, sa takalminka, yau ƙanƙara za mu je." Na leƙa ta taga, rana tana neman narka kwalta. Na ce, "Likita, ko dai ka sha maganin marasa lafiyarka ne?" Ya yi dariya ya ja hannuna.

Wurin da ya kai ni wani babban ɗaki ne a saman wani gini, ba nisa da mu. A ciki an yi gangare, an shimfiɗa masa wata farar darduma mai kaushi wadda inji ke jan ta sama ba tsayawa, ana yayyafa mata ruwa don ta yi santsi. Mutum zai hau allo yana gangarowa, darduma tana mayar da shi, sai ya zama yana ta tafiya alhali yana wuri ɗaya. Mai koyarwar wani dogon mutum ne daga wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, kowa na kiransa Koci. Turanci yake yi mana, amma ya daɗe a Doha har bakinsa ya kama "yalla" da "khalas" na Larabawa, wato "mu je" da "shi ke nan".

Allon da yake koyarwa da shi siriri ne dogo, gefunansa biyu ƙarfe ne mai kaifi. Takalmansa kuwa na roba ne mai tauri, in ka sa su sai ka ji kamar an zuba maka kankare a ƙafa. Ana ɗaure su a kan allon, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Koci ya nuna mana hotuna biyu na sawun allo a kan dusar ƙanƙara. Na farko faffaɗa ne, kaca-kaca, kamar an ja buhu a ƙasa. Na biyu layi ne guda ɗaya siriri, ya lanƙwasa dama ya lanƙwasa hagu. Ya ce na farkon zamewa ce, kowa zai iya. Na biyun shi ne abin da ya tara mu: ka kwantar da allon a kan kaifinsa, ka jingina jikinka, kaifin ya yanki ƙanƙara ya juya da kai da kansa. Ina ganin hoton na tuna da malaminmu na allo, da yadda yake bugun hannuna in na danna alƙalami da faɗinsa tawada ta malale, yana cewa in tsayar da shi a kan bakinsa. Nan take abin ya shiga raina.

Mu tara ne a ajin, kowa daga ƙasarsa. Za a yi Asabar shida ana koyo tare, in hunturu ya kama can ƙasar Koci sai a tafi duwatsu na mako guda. Amma ya kafa sharaɗi tun ranar farko: wanda bai iya tsayar da allo a kan kaifinsa ta ɓangarori biyu ba, ba zai hau saman dutse da shi ba, sai dai ya tsaya a gindi wurin masu koyon tsayuwa. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Tun ina ƙarami nake jin labarin manyan duwatsun da Allah ya kafa a doron ƙasa, ina so in tsaya a kan ɗaya in ga yadda duniya take daga can. A makon nan na nemi hutu a wurin aiki, na kuma buga waya gida na cika wa iyalina baki.

Kafin a ɗaura mana alluna, Koci ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wace ƙafa mutum zai sa a gaba. Duk wanda ya ce bai sani ba, sai ya zagaya bayansa ya tura shi ba zato, ƙafar da ya jefa don ya tare faɗuwa ita ce ta gaba. Da ya iso kaina, ban ko yi tunani ba na ce, "Dama." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ai ni a ganina tambayar ma ba ta taso ba. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da ƙafar dama nake shiga masallaci, takalmin dama nake fara sawa. Yaya za a yi in fara sabon abu in jefa hagu a gaba? Ganin yadda na amsa da ƙarfi, bai tura ni ba. Ya ɗauki sukudireba ya ɗaure mini maɗauran yadda na ce.

Daga nan wahala ta fara. Asabar ta farko kowa ya sha ƙasa, ba abin kunya ba ne. Ta biyu aka fara samun masu tsayuwa. Ta uku Likita ya fara lanƙwasa allo yana ihu kamar wanda aka yi wa albishir. Ni kuwa ina nan jiya i yau. Da zarar injin ya tashi sai in ji kamar an juya mini duniya, kafaɗata na neman wani wuri, ƙuguna na neman wani. In na ce zan jingina sai allon ya kuɓuce, in ji ni tim a ƙasa, darduma ta kwashe ni ta yi sama da ni kamar kayan wanki. Koci ya gyara mini gwiwa, ya gyara mini kafaɗa, ya ɗauke ni a waya ya nuna mini. 'Yan ajin suna ta ba ni baki, kowa da shawararsa. Har wata rana na kasa yin sujada daidai saboda ciwon gwiwa, na yi sallar la'asar a zaune.

Bayan Asabar ta huɗu Koci ya ja ni gefe. Ya ce, "Abokina, kana da ƙoƙari, amma saura biyu. In abin bai canza ba, khalas, a gindin dutse za ka zauna. Ba zan kai ka inda za ka karye ba." Gaskiya ya faɗa, amma ta yi mini ɗaci. Na koma gida ina cewa wataƙila tsufa ne ya zo, ba a kuma jayayya da shi.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ni da Likita muka tafi kasuwar Souq Waqif shan shayi kamar yadda muka saba. A can muke haɗuwa da wani dattijo Bakatsine mai gadin wani gini a unguwar Al Asmakh. Malam muke ce masa, don ya yi karatu mai zurfi kafin neman abinci ya kawo shi nan. Muna tafe cikin wani lungu mai cunkoso, ina ba shi labarin baƙin cikina, sai wani ɗan dako ya taho da baro cike da kaya ya bangaje ni ta baya. Na yi taga-taga na tsaya. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ba komai. Na juya sai na ga Likita ya ƙura wa ƙafafuna ido.

Ya ce, "Injiniya, kar ka motsa. Dubi ƙafarka."

Na duba. Ta hagu ce a gaba, ta dama tana baya ta kafe.

"To sai me?"

"Sai me? Wata guda kana hawan allo a baibai! Jikinka hagu yake so a gaba, kai ka hana shi."

Na ce, "Haba Likita, ni ba bahago ba ne. Kuma ni ba zan fara abu da hagu ba, ba haka aka rene ni ba."

Likita ya riƙe baki yana dariya har da hawaye. "Malam, ka ji fa! Ashe taƙawa ce take ta kayar da shi, mu muna cewa tsufa ne."

Malam bai yi dariya ba. Muka zauna aka kawo shayi. Ya kurɓa, ya ajiye kofi, sannan ya ce, "Injiniya, kafin biro ya ɗauke ka, ka taɓa noma?"

Na ce, "Sosai ma, Malam. Gonar mahaifina ni nake yi mata huɗa."

"In ka ɗaga garma, wace ƙafa ke gaba?"

Na kwatanta a raina. Na ce, "Hagu."

"Dama tana ina?"

"Tana baya, ita ke riƙe da ni."

"To mahaifinka ya taɓa cewa ka yi laifi?" Ya ɗan murmusa. "Abin da aka koya mana na farawa da dama yana nan, kar ka sake shi. In za ka sa takalman nan naku masu kama da na 'yan sama jannati, fara da na dama, ka yi bisimilla. Amma wace ƙafa za ta tsaya a gaba a kan katako, wannan ba inda aka ce maka komai. Kai ka yanka wa kanka hukunci, ka jingina shi ga addini. Ita hagun ba Allah ne ya halitta maka ita ba? Lokacin da kake rubutu da dama, wa ke riƙe maka allon?"

Kunya ta kama ni, amma wani sanyi ya sauka a ƙirjina.

Washegari na je wurin Koci tun kafin sauran su iso, na ce ya tura ni. Ya dube ni, ya zagaya, ya tura. Hagu ta fita. Ya sake, hagu ta sake fita. Ya dafe kai ya ce laifinsa ne da ya yarda da bakina bai tambayi ƙafata ba. Ya kwance maɗauran ya juya su. Na sa takalmin dama, na sa na hagu, na yi bisimilla na hau.

Ba zan ce nan take na zama gwani ba, don na faɗi sau biyu a ranar. Amma faɗuwar ta bambanta. Jikina ya daina faɗa da ni. A hawa na uku na jingina, na ji kaifin ya kama, allon ya ɗauke ni ya kai ni gefe ya dawo da ni ba tare da na roƙe shi ba. 'Yan ajin suka ɗau tafi, wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu har da tsalle. A Asabar ta shida Koci ya sa na yi lanƙwasa goma a jere yana tsaye ya harɗe hannu. Da aka kashe injin ya ce, "Yalla, je ka nemi rigar sanyi."

Ranar da muka hau dutsen, da hantsi ne. Aka ɗora mu a kan wata kujera da ke rataye a jikin waya, ta yi ta sama da mu, itatuwa suna ƙanƙancewa a ƙarƙashinmu har suka ƙare. Da muka sauka a ƙoli sai na waiga. Duwatsu ne farare fat, wani bayan wani, har inda ido ya gaza. Gajimare yana ƙasa da mu, shimfiɗe kamar audugar da aka baza. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar mota, ba komai sai numfashina da ke fita kamar hayaƙi. Ni da na fito daga garin da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, ga ni a inda ruwa ya zama gari ya rufe duniya, kuma Mai wannan shi ne Mai wancan. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, sai da na ji yana daskarewa a gemuna. Likita, sarkin surutu, yana gefena yana ta "Subhanallahi" a hankali.

Koci ya fara gangarawa, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na jefa hagu a gaba na saki jiki. Dusar ƙanƙara ba darduma ba ce, tana da laushi, tana kuma amsawa. Na kwanta a kan kaifin har na ga hannuna yana neman shafar ƙasa, na ji wani siririn sauti a ƙarƙashina kamar ana yanka sabon yadi da almakashi. Allon ya zagayo da ni, na miƙe, na kwanta ta ɗaya gefen. Ban san sau nawa na yi ba. Da na tsaya a ƙasa Koci ya kama kafaɗata ya juya ni ya ce in dubi sama.

Ga shi nan a kan farin dutsen, layi ɗaya siriri, ya taho yana lanƙwasa tun daga ƙoli har zuwa ƙafata, ba inda ya malale. Na ce a raina, da malamina na allo yana raye, yau kam ba zai bugi hannuna ba. Na ɗauki hotonsa na aika wa Malam a Al Asmakh. Amsarsa ta zo kafin mu sake hawa, a muryarsa: "Ma sha Allahu. To ka gaishe mini da hagu."

Shekaru sun shuɗe, gwiwoyina ma yanzu ba za su yarda in koma ba. Amma abin da na koya yana nan tare da ni. Mako huɗu na yi ina shan ƙasa saboda wata doka da ni na ƙirƙira wa kaina, na ɗauka ta Allah ce, na kuma amsa tambaya da "na tabbata" alhali ban sani ba. Tun daga lokacin, in na ji kaina ina shirin rantsewa a kan abu, sai in dakata in tambayi wanda ya fi ni sani. Har yau takalmin dama nake fara sawa, amma na daina raina ƙafar da ta sauko da ni daga kan dutse lafiya.