Rabin Hirar da Inna Ta Bari

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito. Kayan aikinsa gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi. Ba shi da yawan magana. In ka kawo agogo sai ya kara shi a kunne, ya saurara, sannan ya ce maka, "Jibi."

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta kwashe surutun gidan. Ta yi aiki a ofishin waya tun zamanin da ake haɗa kira da hannu, shi ya sa muryarta take fita tar, ko daga bayan ƙofa take magana. Garinsu ɗaya da Kawu, wani ɗan ƙauye da aka tayar lokacin da za a gina madatsar ruwa, mutanensa suka watse. Suna da yarensu. Mahaifiyata tana goye aka baro garin, ba ta iya shi ba. 'Ya'yan Kawu mata biyu su ma ba su iya ba, domin ba a yin yaren nan a gidan sai in za a yi faɗa ko za a ɓoye wa yara magana. Mu dai abin da muka tsinta a cikinsa zagi uku ne da kalmar "kwanta".

Ni kuwa ina aiki a wani kamfani mai manhajar koyar da harsuna ta waya. Da harsuna biyar muka fara. Da abin ya karɓu, aka ce za a ƙara uku, har da ɗaya daga cikin ƙananan yarukan da masu jinsu ke ƙarewa. Na ambaci na su Kawu a wajen taro, shugabar sashenmu ta ce in kawo su. Darussan duk hira ce tsakanin mace da namiji, ita ta yi tambaya shi ya amsa.

Da na kai maganar gida, Kawu ko ɗago kai bai yi ba.

"Yaren da 'ya'yana ba su koya a bakina ba, shi baƙi za su koya a waya? Ku ƙyale ni, 'yar nan."

Inna ta ce, "Rabu da shi. Ni zan je. In ya ga na yi suna zai biyo ni da gudu."

Ta kuwa je. Mako shida tana zuwa ofishinmu kowace Talata da Alhamis, ta shiga ɗan ɗakin ɗaukar murya da aka lulluɓe bangonsa da soso, ta sa abin ji a kunne kamar ta koma aikinta na da. Ina karanta mata jimla, ita kuma ta mayar da ita yarensu. Darasi sittin ta ɗauka, nata rabin kawai, aka bar gurbin amsar namiji babu kowa. Kwana tara da gamawa, tana shanya a tsakar gida ta ce kanta na juyawa. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan wata biyu shugabarmu ta kira ni. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce ba a samu wani namiji mai jin yaren ba, in haka ne za a ajiye shi a ɗauki wani yare. Ban roƙi Kawu ba, faɗa masa kawai na yi. Ya daɗe yana juya wani agogo a hannu.

"Muryar tata tana nan?"

"Tana nan, Kawu."

"Duka?"

"Duka."

Ranar Talata da hantsi sai ga shi a ƙofar ofis, ya sa rigar da yake zuwa unguwa da ita. Mai ɗaukar sauti ya zaunar da shi a kujerar da Inna ta zauna, ya sa masa abin ji. Ina kallonsa ta gilashi. Darasin farko gaisuwa ce. Da aka kunna, sai na ga ya waiwaya bayansa da sauri. Ya cire abin jin, ya duba shi, ya mayar.

Na ce ta lasifika, "Kawu, tana cewa ina kwana. Kai kuma ka ce lafiya lau."

"Na ji abin da ta ce," in ji shi. "Sake kunnawa."

Sau huɗu aka kunna kafin ya amsa, muryarsa can ƙasa.

A darasi na bakwai, na tambayar hanya, muka gano abin da Inna ta yi. A takarda an rubuta, "Ina za ka?" Ta faɗa, ta kuma ƙara wasu kalmomi da muka ɗauka cikon jimlar ne. Sai muka ga kafaɗun Kawu na rawa. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce.

"Me ta ce, Kawu?"

"Cewa ta yi, ina za ka da wannan tsohon takalmin naka kamar marar mata."

Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Takalmin ne a ƙafar tasa. Dariyar ta ɗauke.

Tunda babu mai jin yaren a ofis, Inna ta yi ta cusa nata zancen a cikin darussan ba wanda ya sani. A darasin kasuwa ta ce masa bai taɓa iya ciniki ba. A na iyali ta kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, wanda ko 'ya'yansa ba su sani ba. A na asibiti, bayan "Ka sha magani?" ta ce, "Na san za ka zo, mai taurin kai, sai da ka ja aji tukuna." A nan Kawu ya ce a buɗe masa ƙofa. Ya fita baranda ya tsaya, hannuwansa a kan ƙarfe, rana na dukansa, kusan rabin awa. Da ya dawo ya ce mini ɗakin yana ƙamshin man da take shafawa. Ni soso kawai nake ji da ƙurar kafet, amma ban musa masa ba.

Shugabarmu ta ce dole a yanke ƙarin, don kada a rikita masu koyo. Kawu bai ja ba. Ya zauna da mai ɗaukar sauti yana nuna masa inda jimlar takarda ta ƙare da inda Inna ta fara. Abin da aka yanke aka tara masa wuri guda.

A darasi na hamsin da biyu, na bankwana da matafiyi, ya tsaya cak. Ta faɗi wata kalma a ƙarshe, gajeriya, da bai san ta ba. Aka kunna masa, aka rage gudu, aka ƙara ƙara. Ya girgiza kai.

"Shekara arba'in da shida muna yaren nan da ita. Ban taɓa jin ta faɗi wannan ba."

Ya rufe shago kwana uku, ya shiga mota zuwa wajen wata tsohuwa 'yar garinsu da aka ce tana raye a gidan jikarta. Ya same ta kunne ya tafi, hankali ma yana zuwa yana komawa. Ya yi ta faɗa mata kalmar a kunne, ita kuwa tana ta tambayarsa ko ruwan ya janye su koma gida. Ya dawo bai samo komai ba. Har yau ba mu san ko addu'a ce, ko tsokana, ko tuntuɓen harshe ba. Wani lokaci ina jin yana maimaita ta a shago, gilashi a ido, kamar mai gwada mabuɗi a ƙofa.

Ya gama darasi sittin ɗin, aka saki yaren a manhaja tare da sauran biyun. Masu koyonsa ba su da yawa, amma akwai su, wasu ma a ƙasashen da Kawu bai taɓa jin sunansu ba. Shi bai yarda an sa masa manhajar a waya ba.

Wata rana da azahar ina shagon, wata mata mai farar rigar asibiti ta kawo agogon hannu. Ta ga hoton Kawu a manhajar, ashe kakarta 'yar garinsu ce. Ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi da yaren. Gaisuwar ba ta dame ni ba, yadda ta fito ne ya sa na ɗago kai. Ta ja ƙarshen kalmar sama, ta ɗan tsaya a tsakiya, daidai yadda Inna take yi, har da 'yar shaƙar numfashin nan kafin ta fara. Hantsakin ya faɗi daga hannun Kawu.

Ya amsa mata, ya kuma ci gaba da magana, doguwa, da sauri, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Matar ta yi murmushin jin kunya.

"Baba, ka yi haƙuri, darasi na huɗu kawai na kai."

Kawu ya jawo kujerar da ke bayan ƙofa ya kakkaɓe ta da hannun riga.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Wane ne na biyar ɗin? A tuna mini."

Na ce masa na ƙirga ne, daga ɗaya zuwa goma. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya faɗi kalmar "ɗaya" da yarensu, matar ta maimaita, ya ce ta sake.