Giɓin Kalilu Mai Ɗinkin Buhu

Kalilu mutumin Bugaje ne, manomi kamar ubansa, har farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙone masa gero damina bayan damina. Ya kwaso matarsa Salmatu da 'ya'yansu suka dawo Jibiya. Lokacin kuɗin man fetur ya fara yawo, manyan motoci na jerin gwano a bakin iyaka suna jiran a sallame su zuwa Maraɗi. Kalilu ya samu wuri a rumfar 'yan hatsi, ya zama mai ɗinkin buhu.

Aikin ba shi da wuyar koyo. A cika buhu, mai ɗinki ya bi bakinsa da basilla, ya ƙulle, ya sa haƙori ya datse igiyar. Ba mai neman wuƙa, don kafin ka lalubo ta wani ya gama buhu guda. Igiyar rama ce, haƙori na cin ta.

Wata rana aka kawo sabuwar igiya ta roba daga Ikko. Kalilu ya ƙulle buhu, ya cije ta kamar kullum, ya fizga. Igiyar ba ta tsinke ba, haƙorinsa na gaba ne ya ɓalle rabi. Daga ranar ruwan sanyi ya zame masa azaba. In ya zo kurkure baki wajen alwala, sai ya dafe bango.

Akwai wani Maharazu da ke zuwa daga Maraɗi ranar kasuwa, yana gyaran haƙora a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Kalilu ya je, Maharazu ya duba, ya ce abu ne mai sauƙi. Ya gurje sauran haƙorin da ƙaramin magagari, ya rufa masa kwanso mai ruwan zinariya, irin wanda kaɗai yake da shi. Ciwo ya tafi, Kalilu ya koma gida yana godiya.

Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne, a ƙasar nan haƙorin zinariya shaida ce. Wanda ya sauke farali ne ke dawowa da shi, shi ya sa ake ce masa haƙorin Makka, kuma a shekarun nan jirgi na kwasar alhazai fiye da da.

Abokan aikinsa suka fara da wasa. Lado, wanda ke ɗinki kusa da shi, ya ce, "Alhaji Kalilu! Wane jirgi ne wanga, ka tahi da hantsi ka komo da la'asar? Ina tsarabarmu?"

Wannan bai dame shi ba, sun san gaskiya. Baƙi ne ba su sani ba, ga shi bakin iyaka kullum cikin baƙi yake. Direbobi na gaishe shi da Alhaji, a masallacin tasha ana matsa masa ya shiga sahun gaba. Ya gyara wa wannan, gobe wani ya zo. Salmatu ta ce, "Malam, ai ba kai ka ce ka je ba. Ka rage buɗe baki, shi ke nan."

Ya gwada, har ranar da wata tsohuwa daga Nijar, Fatsuma, ta sauka a mota ta tambaye shi hanya. Da ta ga haƙorin sai ta durƙusa. Ta ce mijinta ya tafi aikin hajji ya rasu a can, ita ba ta da halin zuwa.

"Alhaji ɗana, kai da ka gani da idonka, gaya mini, yaya maƙabartar take? Akwai inuwa?"

Kalilu ya ga yadda zai ce mata akwai, ta tafi da sanyin rai, ba mai kama shi. Ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ban taɓa wuce Katsina ba. Igiya ce ta karya mini haƙori."

Tsohuwar ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce Allah Ya kai shi, ta wuce.

Bayan nan Kalilu ya ji labarin wani likita a Katsina da ke liƙa farin ƙulli a haƙorin da ya ɓalle, ya bushe ya zama kamar na halitta. Ya je. Likitan ya cire kwanson, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da ya zo tun farko da an cike masa gurbin, amma magagari ya cinye inda ƙullin zai kama. Ko a mayar da kwanson, ko a cire haƙorin.

"A cire," in ji Kalilu.

Likitan ya ce ya yi tunani, haƙorin gaba ne, kuma ba ya sake fitowa. Kalilu ya ce ya yi tun a mota.

Ya ci gaba da ɗinkin buhu har ƙarfinsa ya ƙare. Bai samu zuwa Makka ba. A rumfar 'yan hatsi Kalilu Mai Giɓi ake kiransa har ya rasu, kuma ko daga nesa aka kira, yana amsawa.