Ɗorawar Barira a Filin Alhaji Ɗalhatu

Barira mai daddawa ba ta taɓa sayen ko taki ɗaya na ƙasa ba a rayuwarta, amma babu dillalin fili a Rano da bai san sunanta ba, kuma yawancinsu in an ambace ta sai sun ja tsaki. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, warin kalwarta kuwa na shaƙe shi har ya daina damuna. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙaramar murya, ba ta da faɗa ko kaɗan. Abin da take da shi riƙo ne, kuma ban taɓa ganin mai riƙo irin nata ba.

An yi mata aure a Durba tana da ƙuruciya, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Ƙasimu, ta tattaro ta dawo gida Rano. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, babban abin da ya bari gona ce a bakin hanyar Kibiya, cike da itatuwan ɗorawa. Ƙaninta Alu yana son ƙasar don noma, ita kuwa ta ce a bar mata itatuwan, tunda da kalwa take ci. Aka yi haka a gaban dagaci da liman. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, gona ta zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Alu ya yi ta noman dawarsa a ƙasa, Barira tana kaɗe ɗorawarta a sama. Da daddawar nan ta ciyar da Ƙasimu, ta kai shi makaranta, ta yi masa aure.

Sai mulkin farar hula ya dawo, kuɗi ya fara yawo a hannun 'yan siyasa da 'yan kwangila, kowa ya ga gonar bakin titi sai ya hango fulotai. A lokacin ne Sagiru, wanda muka sani da dillancin awaki a kasuwa, ya wanke hannu ya sa hula zanna ya koma dillalin filaye. Shi ya kawo wa Alu Alhaji Ɗalhatu, mai motocin haya da ke jigila tsakanin Rano da Kano. Alhaji ya taya, Alu ya ce albarka, aka ƙara, Sagiru ya ja wannan gefe ya ja wancan gefe, har Alu ya sallama. Aka ba da kafin alƙalami a ranar, don kada wani ya shigo cinikin. Bayan sati aka cika, shaidu suka sa hannu, Sagiru ya soke la'adarsa a aljihu. A duk zaman nan babu wanda ya ambaci itace. Alu ya sani, Sagiru ya sani, shi kansa Alhajin ɗan gari ne, ya sani sarai. Sun dai ɗauka in an miƙa wa bazawara na goro za ta yi godiya ta koma ɗaki.

Barira ba ta ji labari ba sai da masu awon igiya suka gama yanka gonar, suka kakkafa turakun siminti. Ranar da ta je duba ɗorawarta, ana saura ƙiris a fara kaɗa, ta tarar da babbar cikinsu a kwance. Ita ce ta bakin titi, wadda ita kaɗai takan ba ta kalwar da za ta kai ta damina. An sa mata injin yanka, 'ya'yan duk sun zube a ƙasa awaki na ci, ana loda gungumen a mota za a kai wa masu gidan burodi. Tare muka je, na ga lokacin da ta durƙusa ta ɗauki ɗorawa ɗaya ta ɓare, garin ko gama nuna bai yi ba. Ni ce na yi ta zage-zage.

Alhaji Ɗalhatu na tsaye jikin motarsa. Ya dube ta ya ce, "Iya, haƙuri za ki yi. Na sayi ƙasa, abin da ke kanta nawa ne, har tsuntsun da ya sauka. Sagiru, ba ta na cefane."

Sagiru ya miƙo, Barira ta bar shi da hannu a miƙe. Ta ce, "Alhaji, muddin ina numfashi ba za ka ɗora bulo ɗaya a gonar nan ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To sai mu jira, Iya."

Shekarar kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kotuna na cika kullum, mata ma sun gane hanya. Barira ta ɗauki mayafinta ta tafi. Dagaci ya ba da shaida, liman ya bayar, Alu ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, bai sayar da itace ba domin ba nasa ba ne. Alƙali ya yanke cewa ƙasa ta Alhaji ce, itatuwan da suka rage na Barira ne, tana da hanyar zuwa gindin kowanne, kuma duk wanda ya sake taɓa ko reshe zai gamu da hukuma. Ya sa Alhaji ya biya wadda ya sare. Barira ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a kai masallaci, ni ba na so." Daga ranar ba ta ƙara shiga gidan Alu ba. In sun haɗu a hanya ya ce "Yaya, ina wuni," takan amsa, don ba ta yarda ta ɗauki zunubin gaba a kansa ba, amma amsar kamar ana jan ta da igiya.

Alhaji ya ɗauka ya yi nasara, tunda ƙasar tasa ce. Sai da ya koma ya dubi awon da aka yi masa ya sha jinin jikinsa. Ɗorawa ba ta tsayuwa a layi. Kusan kowane fuloti da tasa a ciki, wata a tsakiya, wata a daidai inda ƙofa za ta faɗa, wata ta baje rassa a kan fuloti biyu. Sara kuma ya haramta gare shi, ga shi a lokacin yana neman takara, ba ya son a ce ya sake taka bazawara.

Nan Barira ta fara aikinta. Ta kwashe tukwanen dafa kalwa daga gida ta kai gindin ɗorawar da ta fi kusa da titi, ta kafa murhu. Can take dafawa, can take surfe, can take rufe kalwar ta ruɓa. Wanda bai san daddawa a rana ta uku ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Sagiru zai kawo mai saye daga Kano, an sha shadda an fesa turare, su sauko daga mota yana zuba: wuri ne mai tsabta, babu rigima, takarda a hannu, ga titi, wuta na tafe. Sai ka ga baƙon ya kai hannu hanci. Barira ta miƙe ta gaishe shi da ladabi har da rusunawa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Wanne aka nuna maka? Na kwanar nan? Kai, ya yi kyau. Allah ya sa albarka. Sai dai ban sani ba ko ɗan nan ya gaya maka, itacen tsakiya nawa ne. In ka yi gini ka bar min ƙofa, nakan zo da asuba, lokacin kaɗa kuma da mata muke zuwa."

Sagiru ya ce, "Haba Gwaggo!"

"Ƙarya na yi, ɗan nan?"

Ba ta taɓa yin ƙarya ba kuwa, abin da ya sa suka rasa yadda za su yi da ita ke nan. Mai hankali ba ya sayen gidan da wata za ta riƙa shigo masa tsakar gida da gora. Waɗanda suka yi saurin ba da kafin alƙalami suka dawo suna neman abinsu, aka yi ta rigima a ƙofar gidan Alhaji. Kafin shekara ta zagayo wurin ya yi suna, ko a Kano in an ce filin ɗorawa na Rano sai dillalai su ce a kai kasuwa. Sagiru ya gaji da ƙona mai a banza ya koma wa awakinsa. Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Zaman gindin itacen nan ya sa Barira ta iya maganar dillalai fiye da su. Ta san wane fili ne aka jinginar, wanne ne na magada da ba a raba ba, wanne ne maƙwabci ya ci wa iyaka. Matan da aka mutu aka bar wa gado sukan biya su tambaye ta kafin su sa hannu a komai, takan ce musu kada su yarda a yi ciniki ba a kira sunan kowane itace da rijiya da hanya ba. Ba ta karɓar ko sisi, ta ce ita ba dillaliya ba ce.

Alhaji ya faɗi takara. Motocinsa suka fara tsufa, ya sayar da wannan don ya gyara waccan. Gonakin da ke kewaye da tasa duk suka zama shaguna da gidaje, tasa tana nan da turakunta sun yi baƙi. Ya fara aike, daga baya ya fara zuwa da kansa. Mutumin da ya yi mata magana jingine da mota, sai ga shi tsugune a gaban murhu hayaƙi na shigar masa ido.

"Iya, na zo taya itatuwan nan."

"Taya, Alhaji."

Ya taya. Ta ci gaba da juya kalwa ta ce, "Albarka." Ya ƙara, ta ce albarka. Ya ce ta faɗi da bakinta nawa za ta sallama. Ta ce ai ba ta ce na sayarwa ba ne, shi ya ce zai taya, kuma ba a hana mutum tayi. Haka suka yi shekara da shekaru. Ya aiko dagaci, ya aiko malamai suka yi mata wa'azin yafiya. Ta saurara tsaf, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, itace ne dai ba ta sayarwa. Na taɓa ce mata, "Barira, ki karɓa mana ki huta, kin ga ƙafar nan taki." Ta dube ni ta ce, "Saude, ke ma kina wurin ranar da aka sare ta." Ban sake ba.

Tsufa ya zo mata ta ƙafa, daga baya ya hau ƙirji. Da ta kwanta, sai Alhaji ya daina zuwa wurinta ya koma wurin Ƙasimu. Ƙasimu ba mugun yaro ba ne, tela ne mai iyali da yawa, ya gaji da ganin dukiya a tsaye tana ba da kalwa kawai. Alhaji ya lallaɓa shi suka yi ciniki a ɓoye, a kan ranar da itatuwan suka zama gadonsa zai sallama, har ya karɓi kafin alƙalami. Wato uwarsa na kwance tana numfashi, an riga an yi cinikin mutuwarta. Matarsa ce ta kasa riƙewa ta faɗa wa wata a gidan suna, magana ta zagayo ta faɗo kunnena, ni kuwa ban tsaya tauna ta ba na kai wa Barira.

Ta ce in aika a kira mata liman da dagaci da mutum biyu masu hankali, a kira yaron nan kuma. Ƙasimu take nufi, ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Da suka taru bayan la'asar ta sa na tayar da ita zaune. Muryar ta ƙara ƙanƙancewa, amma ba ta rawa. Ta ce, "Malam, ina cikin hankalina?" Liman ya ce ƙwarai. Ta ce, "To ku shaida. Itatuwana na ɗorawa da ke filin Alhaji Ɗalhatu, da hanyarsu, na yi wakafinsu saboda Allah. Duk macen da mijinta ya mutu a unguwar nan ta je ta kaɗa." Liman ya ce mata tunda tana kan ciwo, kyautar ba za ta wuce sulusin abin da ta mallaka ba sai da yardar magaji. Ta juya ta kalli Ƙasimu.

"Kai, ka yarda, ko in gaya musu abin da ka karɓa?"

Ƙasimu ya dubi dagaci, ya dubi ƙasa, ya ce ya yarda. Liman ya bayyana wa kowa cewa abin da aka yi wakafi ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta, ba a gadonsa, har abada. Aka shafa fatiha.

Da mutane suka fita, Ƙasimu ya matso bakin gado yana hawaye ya ce, "Inna, ni fa? Me kika bar min?"

Ta ce, "Kai ai ka sayar da naka tun ina da rai."

Ba ta ƙara sati biyu ba. Alhaji Ɗalhatu ya zo gaisuwa ranar uku, ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Bayan an yi addu'a ya ja liman gefe, bakin zaure, inda nake jin su ta cikin labule. Ya tambaya a hankali, yanzu a hannun wa zai taya itatuwan. Liman ya ce masa, "Alhaji, yanzu babu mai sallama maka."